Shuɗin Giris ɗin Darryl

Hayaƙi na tashi daga tayar tirelar da Darryl da matarsa suke ja da mota suna kwana a ciki, a tsakiyar hanyar garin Birdsville cikin hamada, ko inuwa babu. Darryl ya dafa cibiyar tayar, ya janye hannu da sauri.

"Ba zai yiwu ba! Jiya jiyan nan na wanke boris ɗin nan tas, na cika shi da shuɗin giris mai jure zafi da ruwan rafi. Wuni na yi kwance a wajen ajiye tireloli!"

Matarsa Noelene ta naɗe hannu. "Ai mun sha labari, gwani. Har Col ka mayar abin dariya."

Col maƙwabcinsu ne a zangon matafiya da suka baro. Tirelarsa irin tasu ce sak, shi kuwa ko launin giris bai sani ba. Tun a zangon, a gaban mutane Darryl ya ce masa, "Kai dai a hanya za mu tsince ka."

Darryl ya ɓamɓare murfin cibiyar tayar. Boris ya ƙone ƙurmus, tsohon giris baƙi ƙirin. Ko ɗigon shuɗi babu.

Sai ga Col ya taka birki. Ya sauko, ya dafa cibiyar tasa tayar, ya yi murmushi.

"Sanyi ƙalau, abokina! Yau ko ƙara ba ta yi. Mun gode fa. Jiya mun hango ka duƙufa a kan tamu, matata ta ce kada mu katse wa gwani aikinsa."