Hannun Laka Mai Guntun Yatsa

Dela ta tsaya cak a gaban wani hannun laka, ta ƙi gaba.

Nafisat ce ta gayyato ta baje kolin kwalejinsu a Kazaure, don ta ga hoton da ta ɗauke ta tana tatsar nono a rugar su Dela ta Gwiwa. Malamai da ɗalibai sun yarda ba za a sassaƙa fuska ba, sai hannaye kawai.

"Inna, hotonki yana can gaba," in ji Nafisat.

Dela ba ta motsa ba. Babban yatsan hannun guntu ne, ga tabo ya ratsa bayansa.

"Waɗanda suka tafi da maigidana bara sun rufe fuskokinsu," ta ce a hankali. "Amma wannan hannun ne ya riƙe bindigar. Hannun wa aka kwaikwaya, 'yar nan?"

 Nafisat ce ta yi hannun da kanta.

Sai Malam Sabiru, malamin sassaƙa, ya iso yana murmushi. Ya miƙa wa Dela ruwa da hannunsa mai guntun yatsa.

"Sannu da zuwa, Inna. Har yanzu kina rugar nan ta bakin rafi?"