Mai Riƙon Takalma

Almakashin ya sake kuɓuce mata, ya faɗa kwandon albasa. Maman Shalele ta tsaya cak, ta kasa kunne. Daga ɗaki munsharin maigidan yana fitowa tiryan-tiryan, kamar an yi masa saiti. Ta ɗauko almakashin ta sake gwadawa, yatsun suka ce ba su san zancen ba. Tun bara sanyin ƙashi ya kama su, bana kuwa ko murfin gam sai ta sa haƙori take buɗewa. Ga shi wata ya zo ƙarshe, lokacin da katin Shalele ya saba isowa.

Shalele ita ce 'yarsu tilo. Tana ƙarama, Asabar ba ta wucewa ba a fita ba, yau gidan namun daji, wani makon wurin lilo ko bakin tafki. In an dawo, uwar, da yake malamar ƙananan yara ce, sai ta baje kwali da takardu masu launi a tsakar ɗaki, su yanka abin da suka gano su manna. Uban kuwa direban bas ne mai hannu kamar faranti, nasa aikin ya zauna ya yaba. Ran da ya ce zai taya su, raƙumin dawan da ya yanka sai da aka yi gardama ko kujera ce.

Yarinya ta girma, aiki ya kai ta wata ƙasa. Ba a yi faɗa ba, ba a ɓata wa kowa ba. Waya ce kawai ta yi ta ja da baya, daga kullum zuwa mako-mako, daga nan sai "zan kira anjima", har anjimar ta cinye shekaru.

Da hawan jini ya kayar da maigidan, likita ya ce a raba shi da damuwa. Faɗa da baki ba wuya. Mutum ne ya wuni a bakin taga da waya a cinya, abinci ya huce a gabansa. Nan ne ta fara. In ya kwanta barcin rana, sai ta ja ƙofar kicin ta haɗa kati, ta yi rubutu da irin hannun Shalele, tunda ita ta koya mata shi, ta lallaɓa ta jefa a akwatin saƙo da ke ƙasan bene. Ta ce masa wani mai zuwa ƙasar ne yake kawowa.

Shi kuwa ya dogara sanda ya sauka, ya hawo yana haki.

"Maman Shalele, zo ki gani. 'Yarki ba ta manta da mu ba."

Ya jera shi kusa da sauran a kan talabijin, ya ci abinci har da neman ƙari. Takan taya shi murna, sannan ta koma kicin kaɗaici ya rufe ta. Shi yana da 'yar da ke tunawa da shi. Ita kuwa ta san inda katin yake fitowa.

A wannan watan hannu ya ƙi. Ta haɗiye fushinta ta aika saƙon murya: "Shalele, ba don ni ba. Ko kati ɗaya ki aiko wa babanki, irin wanda muke yi." Waya ta nuna an saurara, amsa kuwa shiru.

Wata ya mutu, wani ya kama. Kullum sai maigidan ya sauka ya hawo hannu rabbana, ita kuma tana ta ƙirga cokalin da yake kaiwa baki. Ranar ganin likitan hannunta, mutumin da ko ciwon kai take yi sai ya raka ta ya ce gwiwa ta hana shi.

"Je ki kawai. Kada ki yi sauri, ki biya ki gaida ƙawarki."

Ta tafi ranta a jagule, don ta ɗauka jikin ne ya fara komawa.

Washegari ya hawo bene da ambulan a hannu.

Ta ƙura wa ambulan ɗin ido. Ba ita ta jefa shi ba. Ta karɓa ta buɗe. Gefen kwalin a karkace, gam ya yi yawa har ya fito ta baya, kuma babu rubutu ko kalma ɗaya. To, wadda ta yi shekara da shekaru rabonta da almakashi ai dole, kuma Shalele dama ba mai yawan magana ba ce.

Bakin tafki ne. Ga uba a cikin ruwa, ga yarinya a wuyansa. Can gefe kuma, a kan yashi, ga wata mace da mayafi rawaya, tana riƙe da takalman su biyun.

A duk katunan da ta taɓa yi, tun Shalele na ƙarama, ba ta taɓa sa kanta ba. Ita ce mai gadin jaka da takalma, bayansu kawai take gani. Ashe a cikin ruwan nan akwai mai waiwayowa yana kallonta. Ta zauna a hannun kujera ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

"To, kukan kuma na mene ne?" in ji maigidan, yana gyara filastar da ke babban yatsansa, inda ya ce reza ta yanke shi.

Ta aika wa Shalele godiya, ta sa mata albarka har muryarta ta dushe. An saurara, ba a amsa ba, amma yau ko a jikinta. Ta wuni tana 'yan waƙe-waƙe, har ta ji ƙarfin haɗa wankin da ta bari ya taru.

Tana zazzage aljihun rigar maigidan wani abu ya faɗo a dunƙule. Ta warware shi. Guntun takarda ce rawaya, da ɗigon jini a gefe, an yanke tsakiyarta a karkace, daidai siffar mace riƙe da takalma.