Karanta Min da Ƙarfi

"Buɗe baka, rufe baka, waƙafi mai ruwa," Auta ta karanta, maƙogwaronta duk ya bushe. Mijinta, Injiniya, yana kishingiɗe a kujera bayanta, hannu a goshi, ko kallon kwamfutar bai yi ba. Ya ce ta koma layin sama, ta bar alamar baka ɗaya a buɗe. Ta duba, haka ne kuwa. Mutumin nan da kunne yake tsince kuskure kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Haka suke fama tun da ya yi mata rajistar jarrabawar gina shafukan intanet, ba tare da ya ji ta bakinta ba. Ita da ta jingine karatu tun haihuwar 'yan biyu, yanzu ita ce koyon yarukan kwamfuta, HTML da safe, JavaScript da yamma. Shi sana'arsa ce, da ita yake riƙe gidan. Dokarsa ɗaya ce: duk abin da ta rubuta sai ta karanta masa da ƙarfi, har aya har waƙafi. Wai wanda bai ji aikinsa da kunnensa ba bai san abin da ya rubuta ba.

Karatun bai dame ta ba, mijin ne ke cin ranta. Mutumin da a da ko ɗankunne ta sauya sai ya tanka, yanzu ta sa rigar da ya fi so ta yi ta gilmawa a gabansa, bai ce uffan ba. In tana magana sai ya kafa ido gefen kafaɗarta, kamar akwai wanda ya fi ta muhimmanci a bayanta. Ya daina kai ta unguwa a mota. Ya daina zuwa ofis, wai aiki daga gida ya fi kwanciyar hankali. Kullum abin sauraro maƙale a kunne, kuma ran da ta matso ta ji muryar mace tana zuba a ciki kamar an kunna famfo, ya yi wuf ya kashe.

Ga kuma maganar da ba ya gajiya da maimaitawa: "So nake ki iya riƙe kanki da yaran nan ko ba ni."

Ta kai wa yayarta kuka. Yaya kuwa ba ta iya tauna magana ba, ta ce biri fa ya yi kama da mutum, namijin da ya dage sai kin tsaya da ƙafarki shirin janye kafaɗarsa yake yi. Auta ta dawo gida. Ta gama karanta abin: ran da ta ci jarrabawa, ran nan aurenta zai ƙare. Kuma abin haushin, tana son mutumin nan kamar ranta.

Sai ta ce bari ta faɗi jarrabawar da gangan. Ta soma da sakaci. Ta gina shafin gwaji na kantin takalma, ta jera hotuna ba ta rubuta wa ko ɗaya bayanin da ake ɓoyewa a bayan hoto ba. Tana gama karantawa Injiniya ya miƙe ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba tun aurensu. Ya ce hoto ba bayani rami ne a tsakiyar hanya, masu gyaran jarrabawa ba sa yafe shi, shi ma ba zai yafe ba. Ya juya zai fita, ya yi karo da kujerar da 'yan biyu suka jawo, ya bi ta da baƙar magana kamar ita ta tare shi.

Ta sha kuka ta gode Allah. Daga baya zuciya ta ɗebe ta: in tafiya zai yi ya tafi, amma ba za ta riƙe miji da daƙiƙanci ba. Ta duƙufa.

A ɗakin jarrabawa kowa ya yi tsit sai ƙarar maɓallai. Auta ba ta san leɓɓanta na motsi ba sai da mai sa ido ya ƙwanƙwasa teburinta ya ce ta rage surutu. Ta ci gaba a zuci, kuma a zucin ta ji wani layi ya yi mata gurgunta a kunne, ta koma ta gyara shi. Tana cikin motar haya saƙon sakamako ya shigo wayarta. Ta ci, da maki mai kyau ma. Matar da ke kusa da ita ta ga hawaye ta hau yi mata ta'aziyya.

Ta same shi zaune bakin taga, yara ba su taso daga makaranta ba. Ta tsaya gabansa tana shessheƙa. Ta buɗe saƙon, ta ƙara wa rubutun girma har ya cika fuskar wayar, ta miƙa masa daf da hancinsa. A ranta tana cewa: to, ga abin da kake jira, faɗi naka hukuncin.

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya miƙo hannu a hankali, ya kamo gwiwar hannunta, ya lalubo har ya sami tafin.

"Haba Auta, bar kukan nan," ya ce. "Faɗuwa ɗaya ba komai ba ce. Ni ma sai a karo na biyu na ci. Za ki sake, zan taya ki."

Wayar tana nan inda ta riƙe ta, KIN YI NASARA da manyan haruffa kore shar, idanun Injiniya biyu a buɗe a kansu, sai a lokacin Auta ta gane muryar macen nan ta na'ura ce mai karanta masa rubutu, mijinta ya daɗe da daina gani.