Goron da Rana Ta Karkatar

"Har yanzu ba su iso ba," in ji Safia a waya. "Baba ya gaji da zaman jira a tabarma."

Fa'iz ya duba agogo. Tun azahar baffansa Abdallah ya tafi Lamadji da ƙwaryar goro domin nema masa aurenta. A sabuwar unguwar nan tituna ba su da suna, ƙofofi kuma duk shuɗaye ne, shi ya sa Fa'iz ya tura wa Baffa taswira a waya. Haka ya faɗa wa Safia.

"Taswira?" in ji Safia. "Ba ka ji rediyo ba? Guguwa ta taso daga jikin rana, ta rikita taurarin ɗan'adam. Yau taswirar kowa ƙarya take yi."

Gab da magariba sai ga Baffa ya dawo unguwarsu Kabalaye, fuska wasai, hannu babu goro.

"Baffa, gidan wa kuka shiga?" in ji Fa'iz.

"Gidan da wayarka ta nuna. Ashe maƙwabtan su Safia ne. Maigidan ya ce ba su da budurwa, sai ƙanwarsa Ikilima, wadda ta fita takaba bara. Ita ta kawo mana shayi."

"To ina goron?"

"Goron da ya shiga gidan mutunci ba ya fitowa, ɗana." Baffa, wanda ya shekara shida ba mata, ya gyara zaman hularsa. "Sun ba ni Ikilima. Kai sayo wani goron, gobe mu koma. Yanzu ai na san hanya."