Rusty da Fukafukan Bala'i

Hawaye da majina sun haɗe wa Rusty, amma ya ƙi ajiye ƙashi. A mashayar unguwarsu a birnin Buffalo na Amurka, duk wanda ya cinye farantin fukafukan kaza mai yajin bala'i, hotonsa zai hau bango.

"Haƙura, mutumina, kada ka mace mana!" in ji abokansa.

"Ni namiji ne!" Ya haɗiye lomar ƙarshe, ya kora da giya, ya daki tebur. "A ɗauke ni hoto!"

Sai ga Marlene mai kai abinci tana sosa ƙeya. "Rusty, na musanya faranti. Na yara ka ci, naka na kai wa Kaka Doris."

Tsohuwar, da ke zaune a teburin gefe, ta tsotse yatsa, ta yamutsa fuska. "'Yar nan, yau abincinku salam. Miƙo barkono."