Baƙar Lema a Kogin Kwara

Matar ta durƙusa gaban kabarin, ta ɗebi ƙasa da tafin hannu ta zuba a ɗan ƙaramin tulu. Ma'azu yana tsaye a gefe riƙe da baƙar lemarta, kansa a ƙasa. Malamin firamare ne a wata tunga kusa da Kaoje, kuma da yake shi ke jin Turanci, shi aka haɗa da baƙuwar. Da an yi shawara da shi, da ya ce a nemi wani.

Sunanta Sufen. Mutanen tunga suna ce mata 'yar Sin, ita kuma ba ta gajiya da gyara musu: daga Taiwan take, wani tsibiri a tsakiyar teku. Mahaifinta ta zo ɗauka. Ba ƙasusuwansa ba, don an riga an gaya mata nan ba a tone mamaci. Kurwarsa take so. A wurinsu, wanda ya mutu a baƙon wuri ba ya samun kwanciya sai nasa sun zo sun kira shi, sun yi masa inuwa, sun raka shi har gida. Mahaifiyarta ta rasu bara, kuma wannan ne roƙonta na ƙarshe.

Kabarin yana gefen fadama, tudu ne sosai, bai lotsa ba duk da damunan da suka wuce ta kansa. Sufen ta yaba yadda ake kula da shi. Ma'azu ya ce ai ba komai, ya kau da kai.

A hanyar bakin ruwa ta ba shi labarin tsibirinsu, wanda kowa da jirginsa ya zo ya mulka. Turawan Holan sun yi, na Sifaniya sun taɓa, sarakunan Sin sun yi, Japan ta riƙe shi shekara hamsin. A zamanin Japan aka haifi mahaifinta. Suka canza masa suna, suka riƙa zane shi a makaranta in ya yi yaren uwarsa. Da ya iya Japananci sai Japan ta tafi, sojoji suka ƙetaro daga babban yankin Sin da nasu yaren, suka koma hukunta mutum saboda Japanancin. Su ne suka ɗauke wansa da rana tsaka, har yau ba labari.

Daga baya gwamnati ta turo shi Dahomey, wato Benin ta yanzu, cikin masu koyar da dashen shinkafa. Can wani abokin aiki ya kai ƙararsa kan wata magana da ya faɗa, aka ce ya dawo gida ya yi bayani. Ya san irin bayanin. Ya ƙetara iyaka ya ɓace, lokacin Sufen tana koyon tafiya. Sai kwanan baya wani tsohon direban tawagar ya ce mata a wajen Kaoje aka binne shi.

Tausayi ya kama Ma'azu.

Da suka iso bakin ruwa sai ya tarar da surukinsa, Malam Namadi, zaune a ƙarshen kwale-kwale. Tsoho ne tukuf, ya ja rawani har bisa hanci, ga baƙin tabarau na masu ciwon ido. Ya yi shekaru ba ya shiga jirgi sai ranar asibiti.

"Baba, yau ba ranar asibiti ta ba," in ji Ma'azu a hankali.

"Na sani. Bagudo za ni. Tuƙa mu tahi."

Sufen ta ɗan rusuna wa tsohon, ta wuce gaba ta zauna, ta buɗe lema a kan tulun. Ta yi wa Ma'azu bayanin ƙa'ida. Duk ruwan da za a ƙetare sai an faɗa wa mamaci, in ba haka ba ya tsaya a gaɓa yana yawo. Kuma mai jan gaba ba ya waiwaya, komai ya ji, har a kai ɗaya gefen. In ta waiwaya, mahaifinta ya koma ke nan.

Suka shiga tsakiyar Kwara. Ruwan ya yi luf, ko tsuntsu babu. Sufen ta kira mahaifinta da sunan da ke rubuce a takardun gwamnati, ta ce masa ana ƙetare ruwa. Shiru. Ta kira da sunan da Japan ta ba shi. Shiru. Sannan ta lalubo yaren gida, wanda ita ma aka hana ta a makaranta har ya kusa kuɓuce mata.

"A-pa," ta ce, wato Baba. Ta ƙara 'yan kalmomi.

Daga bayanta murya ta amsa, a shaƙe, cikin wannan yaren.

Lemar ta karkace. Kafaɗun Sufen suka hau girgiza, kuka ya ƙwace mata, amma ta ƙanƙame tulun ta kafe idonta a gaɓar Bagudo. Ta yi magana, muryar ta sake amsawa. Wuyanta ya sandare kamar itace. Ba ta zo daga wata uwa duniya don ta zubar da mahaifinta a tsakiyar kogi ba.

Ma'azu ya bar tuƙi. Kalma ɗaya ta ishe shi: waiwaya. Amma ranar da aka ba shi auren Lami, 'yar Malam Namadi, an sa shi ya dafa Alƙur'ani, kamar yadda dattawan tunga suka dafa kafin shi, cewa duk wanda ya zo daga wancan tsibirin za a nuna masa tudun fadama, a rufe baki.

A ƙarshen jirgi Malam Namadi ya zare tabarau yana kallon ƙeyar 'yar da ya bari tana koyon tafiya, shi da ya tara wancan tudun da hannunsa shekara arba'in da suka wuce, ba kowa a cikinsa.