Fuskar Ambulan

Dattijon da ke ban-ruwan dabino a unguwar Awali, can ƙasa mai tsarki, ya ajiye takardar saki da ambulan ɗin aika ta gaban wani ɗalibin jami'a.

“Malam, ka zama shaida. Shekara biyu ina aika mata wasiƙa Maraɗi, ko sau ɗaya ba ta amsa ba.”

Ɗalibin bai dubi takardar ba, ambulan ɗin ya duba. Irin wadda kamfanoni ke haɗowa da tallarsu ce, an riga an biya kuɗin aikawa. A kwandon sharar kafilinsa, ubangidan da yake wa aiki, dattijon ke tsinto su. Duk ɗaliban unguwar sun sani, har muhawara suke yi a kai bayan la'asar. Wasu sun ce tsintuwa ce, halal. Shi kuwa yana cikin masu cewa cin haƙƙin kamfani ne.

“Baba, na sha gaya maka wannan haramun ne. Kawo ka gani.”

Ran nan ɗalibin ya fara riƙe ta a hannunsa. A bayanta, dattijon ya rubuta sunan matar da unguwarsu da ajami, tsaf. Ya juya. A fuskarta an buga adireshi da boko: wani kamfanin firji ne a Jidda.

“Duka a irin wannan ka aika?”

“Duka. Ai an biya.”

Littafin da ɗaliban ba su buɗe ba kaɗan ne a kan ambulan ɗin nan, amma ba wanda ya taɓa karanta ta.

“Baba, zauna,” ya ce. “Ita ma shekara biyu ke nan tana jiran ka.”